Ƙurar Injin Baba George

A ofishin wata ƙungiya mai kula da lafiyar yara a Birnin Gwari akwai wata mata da ake kira Rosaline, ko da yake har yau mutanen ƙauyensu Maman Jemima suke ce mata. Aikinta shi ne ta zauna gaban kwamfuta ta tace amsoshin da masu bin gida-gida suka tattaro, ta fitar da abin da suke nufi, ta rubuta rahoto. Ba ta da yawan magana, kuma abokan aikinta sun san ba a yi mata wasa da alƙaluma. Kaɗan ne daga cikinsu suka san cewa ba sha'awa ce ta kawo ta wannan aiki ba. Mutum ɗaya take bi.

Iyayenta sun taso ne daga kudancin Kaduna tun kafin a haife ta, suka zo neman ƙasar noma, suka zauna a Unguwar Kanya, wani ɗan ƙauye da ke bayan Kusasu a bakin daji. A nan ta girma. Ta yi sakandare a Birnin Gwari, inda lissafi ne kaɗai darasin da ba ta taɓa jin tsoronsa ba, amma babu halin ci gaba, sai ta koma gida ta koyi ɗinki ta auri wani manomi mai sanyin hali da ake kira Judah. Sun daɗe ba su ga haihuwa ba. Ta yi ɓari sau biyu kafin Jemima ta zo, yarinya mai ƙiriniya wadda ba ta zama wuri ɗaya, kuma duk abin da hannunta ya taɓa sai ta kai baki.

Bayan katangar gidansu akwai filin Baba George, dattijon ikilisiyarsu, mutum mai murya da ake ji ko daga wajen coci. Da farko injin niƙan masara ya kafa a wurin, kowa ya ji daɗi. Da haƙar zinare ta yi ƙarfi a cikin daji, sai ya ƙaro injuna biyu manya, samari suka riƙa kawo buhunan duwatsu a kan babura ana niƙawa. Ƙura mai launin toka ta riƙa tashi tun safe, tana sauka a kan shanya, a kan randa, a kan kan keken ɗinkin Rosaline. Garin dutsen da aka gama wankewa kuwa sai a tsibe shi a gefen hanya, ya zama wurin wasan yara. Judah ma da rani yana zuwa can yana sauke buhuna, domin noma kaɗai ya daina riƙe gida tun da gonakin nesa suka gagari zuwa saboda 'yan bindiga.

Jemima na cikin shekara ta uku ta fara canzawa. Ta daina cin abinci, tana amai, tana zama shiru tana kallon bango. Aka sha maganin zazzaɓi ba sauƙi. Wata rana da hantsi jijjiga ta kama ta, idanu suka juye. Suka ɗora ta a babur, Judah na tuƙi, Rosaline na rungume da ita, suka nufi asibitin Birnin Gwari. Tun kafin su shiga gari Rosaline ta ji jikin ya saki a hannunta, amma ba ta faɗa wa Judah ba, ta bar shi yana ta gudu.

Ma'aikaciyar jinyar da ta karɓi gawar ta yi mata tambaya ɗaya da ta maƙale mata a zuciya: ko ana niƙa dutsen zinare kusa da gidansu. Ta ce akwai wani irin dutse mai ɗauke da dalma, kuma gubarta ta fi kama ƙananan yara.

Bayan an share makoki Rosaline ta kai maganar gaban dattawan ikilisiya. Aka zauna a cikin coci bayan sujada, mata da maza ba su watse ba. Baba George ya saurare ta har ta gama, sannan ya miƙe ya gyara rigarsa.

"'Yata, na tausaya miki," in ji shi. "Amma yara suna mutuwa a Kusasu, suna mutuwa a Saminaka, inda babu injina. Yarinya ɗaya ce ta mutu, ɗaya kuwa ba hujja ba ce. Da kin rage zama a kan keken nan kin lura da ita, da wataƙila ba mu zauna wannan zaman ba."

Dattawa suka yanke cewa ta ɓata sunan babba ba tare da shaida ba, ta nemi gafara. Ta juya ta dubi Judah, shi kuwa ya sunkuyar da kai ya ce mata ta yi haƙuri ta yi yadda aka ce. Ta durƙusa a kan siminti a gaban Baba George, ya ɗora mata hannu a ka ya yi mata addu'a. Hannun yana warin man inji. Ba ta yi kuka ba. A nan durƙushe ta ƙudurta cewa sai ta ga ranar da mutumin nan zai rasa abin faɗa a gaban waɗannan mutanen.

Ba ta sake taɓa keken ɗinki ba. Da damina ta wuce ta ce za ta koma wurin gwaggonta a Birnin Gwari ta ɗan huta, Judah bai hana ba. A can ta ji ana ɗaukar mata masu takardar sakandare don bin gidaje da tambayoyi kan lafiyar yara, ta je aka ɗauke ta. Aka ba ta waya mai ɗauke da tambayoyin, tana shiga gida ta gaisa, ta tambaya, ta danna amsa. Sauran matan da sun miƙa wayoyinsu sai su tafi. Ita kuwa sai ta tsaya a bayan shugabarsu, Malama Hauwa'u, wata 'yar Zariya mai tabarau da ta karanta ƙididdiga, tana kallon yadda amsoshin ɗaruruwan gidaje suke komawa jadawali guda. Ran nan Malama Hauwa'u ta gaji da tsayuwarta ta tambaye ta abin da take nema. Rosaline ta ce so take ta san ko mutum nawa ne ke zama hujja.

Malamar ta cire tabarau ta dube ta, sannan ta jawo mata kujera.

Haka karatun ya fara, bayan an tashi aiki, kafin la'asar ta yi sanyi. Ta koyi cewa faɗin yara ashirin sun yi ciwo ba ya nufin komai sai an ce cikin yara nawa. Ta koyi fitar da kashi cikin ɗari, da matsakaici, da yadda gida ɗaya mai yawan 'ya'ya zai iya jan matsakaicin ƙauye duka ya karkace. Kwamfuta ta ba ta wahala ƙwarai. Akwai ranar da ta goge aikin mako guda da yatsa ɗaya, ta fita bayan ofis ta zauna a kan dutse, ta dawo ta faro daga farko. Daga baya ƙungiyar ta tura ta wani kwas a Kaduna. Ta bi hanyar nan a cikin ayarin motoci da rakiyar sojoji, fasinjoji kowa na addu'a a harshensa, ita kuwa littafinta na buɗe a kan cinya. In barci ya so ɗaukarta a aji, muryar Baba George kawai take tunawa, sai idonta ya washe.

Da ta dawo ta ga kamar ta isa. Ta ɗauki hutu ta tafi Unguwar Kanya ita kaɗai, ta bi gidajen da ta san an yi rashin yaro ko an yi jinya a kewayen injin, tana tambayar iyaye mata ko suna ganin ƙurar Baba George ce ta jawo. Kusan kowace ta ce haka ne. Ta dawo da zane mai kyau da jan launi, ta ajiye a gaban Malama Hauwa'u tana jiran yabo.

Malamar ta karanta, ta tambaye ta yadda ta zaɓi gidajen. Ta faɗa. Ta tambaye ta ko ta shiga gidajen da ke nesa da injin, ta ce a'a. Sai malamar ta ture takardun gefe.

"Wannan ba bincike ba ne, Rosaline, fushinki ne kika yi wa jadawali," in ji ta. "Kin je inda kika san amsar, kin kuma sa musu ita a baki. Mai sayen masara a kasuwa ba ya duba saman buhu kaɗai, sai ya soka ƙarfe ta ƙasa da ta tsakiya. In kika kai wannan gaban mutumin, da tambaya biyu zai rushe shi, ki sake durƙusa masa."

Rosaline ta kwashi takardunta ta fita ba sallama. Ta yi kwanaki ba ta gaishe da malamar da sakin fuska ba. Amma maganar sake durƙuson nan ta hana ta sukuni, don ta san gaskiya ce. Ta dawo ta ce a nuna mata yadda ake yin wanda ba ya rushewa.

Aka ɗauki lokaci kafin ƙungiyar ta amince ta sa Unguwar Kanya a cikin aikinta, kuma sai da Mai unguwa Mu'azu ya ba da izini, shi ma don ya binne jika a shekarar. Aka zana taswirar ƙauyen, kowane gida mai ƙananan yara aka ba shi lamba, aka raba su biyu, na kusa da injin da na nesa. Aka rubuta lambobin a cikin marafen kwalba aka zuba a ƙwarya, Mai unguwa ya riƙa zaro su ɗaya-ɗaya a gaban jama'a, don kada wani ya ce an zaɓi gidansa ko an tsallake shi. Tambayoyin kuwa babu sunan kowa a ciki, babu ma kalmar inji. Ana tambaya ne ko yaro ya taɓa jijjiga, ko yana yawan amai, ko ya yi jinkirin magana, inda ake ɗebo ruwa, ko ana kwana a gidan sauro, da sana'ar mazan gidan. Malama Hauwa'u ta hana Rosaline shiga ko gida ɗaya. Wasu mata daga Saminaka ne suka yi zagayen. Wannan ya yi mata ciwo, don ta so ƙwarai Baba George ya gan ta tana bin layinsu, amma ta haɗiye.

Da amsoshin suka iso, ita aka bar wa aikin tacewa, malamar na duba mata. Ta fara da gyaran kurakurai, inda aka rubuta yaro ɗan shekara arba'in, da inda aka shigar da gida ɗaya sau biyu. Sannan ta haɗa jadawalin farko. A gidajen kusa da injin, kusan yara uku cikin kowane goma sun taɓa jijjiga. A na nesa, bai kai ɗaya cikin goma ba. Ta gwada ko ruwan sha ne ya raba su, ta gwada gidan sauro, tunda zazzaɓin cizon sauro ma yana kawo jijjiga, bambancin bai gushe ba. Ta yi lissafin da ke nuna ko irin wannan tazara za ta iya faruwa bisa dace kawai, ya nuna da wuya. Ta daɗe tana kallon allon kwamfutar. Ba murna ta ji ba, wani sanyi ne ya sauko mata har tafin ƙafa, irin na wanda ya daɗe yana wasa wuƙa ya taɓa bakinta ya ji ta yi.

Amma alƙaluman ba su ba ta duk abin da take so ba. A kan mace-mace, adadin ya yi kaɗan, ba za a iya cewa komai da tabbaci ba. Ta so ta rubuta cewa injin yana kashe yara, ta rubuta ta goge, ta sake rubutawa. A ƙarshe ta bar jimlar da za ta iya tsayawa a kanta: yaran da ke kusa da wurin niƙa sun fi sauran yawan alamomin da suka yi kama da na gubar dalma, kuma ana bukatar gwajin jini da na ƙasa. Kalmomin sun yi mata laushi, amma ta san babu inda Baba George zai kama ya ja.

Akwai kuma abu na biyu da ba ta nema ba. Da ta duba 'yan gidajen nesa da aka samu jijjiga, sai ta ga yawancinsu gidajen da maza ke aikin dutse ne, suna dawowa da ƙurar a tufafinsu. Ta tuna Judah yana shigowa da yamma fari fat, Jemima ta ruga ta ɗane shi, ta cusa fuska a rigarsa. Ta rufe kwamfutar ta tafi gida. Washegari Malama Hauwa'u ta tambaye ta ko za ta iya sa wannan a rahoton. Ta ce ta riga ta sa, shafi na huɗu.

Rahoton ya isa sashen lafiya, aka turo ma'aikata suka ɗebi jinin yara da ƙasar ƙauyen. Sakamako ya dawo da dalma, a jini da tsakar gidaje, mafi yawa a tsibin garin dutsen nan na gefen hanya. Aka kira taro a filin makarantar firamare, Musulmi da Kirista duka. Rosaline ce ta gabatar da binciken. Ta sa atamfar da ta sa ranar jana'izar Jemima, ta yi bayani a hankali, da Hausa, tana nuna zanen da sanda. Ta faɗi yadda aka zaɓi gidaje, ta faɗi abin da aka gano, ta kuma faɗi abin da ba a iya ganowa ba. Ba ta ambaci sunansa ko sau ɗaya ba, ba ta kuma ɗauke ido daga kansa ba.

Baba George ya miƙe ya fara cewa ai an san wadda ta rubuta da abin da ke ranta. Mai unguwa Mu'azu ya katse shi, ya ce da hannunsa ya zaro lambobin, kowa na kallo. Sai surukar Baba George, matar ɗansa, ta tashi daga cikin mata da yaro a goye. Ta ce gidansu na cikin waɗanda aka tambaya, kuma yaron nan ya kai shekara huɗu bai iya cewa mama ba. Dattijon ya buɗe baki ya rufe, ya duba hagu da dama, babu wanda ya haɗa ido da shi. Ya zauna. Rosaline ta bar shirun ya yi tsawo kafin ta ci gaba da shafi na gaba. Ta tausaya wa yaron, amma ko ɗigon tausayin bai kai ga kakansa ba.

Aka rufe wurin niƙan, aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, aka kai yaran da abin ya yi wa yawa asibiti. Ikilisiya ta sauke Baba George daga muƙamin dattijo. Mata suka daina kai masa niƙan masara ma, sun gwammace su tafi Kusasu da ƙafa. Ya aiko mutane wurin Rosaline sau biyu neman sulhu, ta karɓe su da ruwa, ta sallame su ba amsa. Fasto ya zo da kansa ya yi mata wa'azin yafiya, ta saurara da ladabi har ya gama.

"Na ji, Fasto," in ji ta. "Ina roƙon Ubangiji ya ba ni zuciyar. Bai ba ni ba tukuna, kuma ba zan yi masa ƙarya ba."

Tsakaninta da Judah kuwa abin bai koma yadda yake ba. Ya ji shafi na huɗu a wurin taron, a tsaye a bayan mutane, ya fahimci abin da ake nufi ba sai an fassara masa ba. Bai yi gardama ba, bai kuma nemi ta yi masa bayani ba. Ya bar aikin dutse ya koma gonarsa ta kusa. Suna nan da aurensu, yana zuwa Birnin Gwari ranar kasuwa ya kawo mata doya da gawayi, ta dafa masa abinci, su yi maganar damina da ta tsaro. Sunan yarinyar ne ba ya fitowa a tsakaninsu.

Ƙungiyar ta ɗauke ta aiki na dindindin. Yanzu ita ke koyar da sababbin masu zagaye yadda ake tambaya ba tare da sa wa mutum amsa a baki ba, kuma an san ta da mayar da aiki in ta ga alamar an zauna a gindin bishiya an cike shi. Ta yi bincike kan rigakafi, kan rijiyoyi, kan yaran da gudun hijira ya raba da makaranta, duk ta yi su da gaskiya.

A bara wata mai sayar da nono ta gaya mata cewa Baba George ya kwashe injunansa ya kai wani ƙauye a can yankin Saminaka, ya haɗa kai da wasu samari, har an fara niƙa a bayan gidajen mutane. Ya tsufa, an ce, ƙafa ɗaya na ja, ba ya zuwa coci. Rosaline ta sayi nonon, ta tambayi sunan ƙauyen da ta inda ake bi. Da ta koma ofis ta shiga wurin Malama Hauwa'u ta ce akwai wurin da ya kamata a sa cikin aikin baɗi. Malamar ta tambaye ta ko don yaran ƙauyen ne, ko don shi. Rosaline ta ce duka biyun, amma in gaskiya ake so, shi ne ya fara zuwa mata a rai.

Malama Hauwa'u ta ce sharaɗin na nan yadda yake, ba za ta taka ƙauyen ba, kuma wani ne zai sake duba lissafinta. Rosaline ta ce ta yarda. Ta koma teburinta ta kira wani malamin makaranta da ta sani a Saminaka, ta tambaye shi ko zai iya haɗa ta da mai unguwar wurin.